Matakin Gwaggo

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Matata ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta magungunan Baba da lokacin shansu. Yaya ta riga ta haddace su tun kafin likita ya rufe baki, don haka ga ni da littafi ba aikin yi, a kan benci a bakin ɗakin masu karaya.

Baba ya faɗi jiya a lambu. Ƙashin ƙugu ne, gobe za a shiga da shi tiyata. Ya gaya wa likita jiri ne ya ɗebe shi yana saukowa daga mota, haka kuma aka rubuta a kati. Ni kaɗai nake wurin. Likita ya juyo ya ce min, "Haka ne?" Na gyaɗa kai.

Gwaggo tana waje a ƙarƙashin bishiya. Motar Baba ke nan, tsohuwa mai jan ƙafa huɗu, mai shan dizal. Shekara goma ya tuƙa wa kamfanin haƙar rijiyoyi ita, da ya ajiye aiki suka bar masa, yau shekara talatin suna tare. Yaya ce ta laƙaba mata sunan muna yara, saboda tana tari da safe kuma ba ta son a gaggauta ta.

Da na fita shan iska sai na tarar da mutum uku suna ɗaukar hoto a jikinta. Ɗaya ya ce, "Oga, wa ya yi maka wannan aiki?" Da makon jiya ne, da kaina ya kumbura har ya ƙi shiga ƙofa. Yau cewa na yi ba tawa ba ce.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Tun sha ɗaya aka shiga da shi. Bari in rubuta abin da na yi wa motar kafin a fito da shi.

Sababbin sifirin da dogayen shokazoba, suka ɗaga ta inci uku. Manyan tayoyi masu kaushi, suka ƙara inci biyu. Bamba na ƙarfe a gaba. Fitilu huɗu a kan rufi. Bututun iska da ya hau ta gefen gilashi don tsallake kogi, ni da ban taɓa shigar da mota ruwan da ya wuce idon sawu ba. Sai wankin nozul, don hayaƙi ya ragu.

Wannan na ƙarshen shi kaɗai Baba ya sa ni. "Auta, kai ta a duba hayaƙin nan, tana baƙanta min bango." Na ce kwana uku, na riƙe ta mako uku. Na gaya wa kowa kyauta nake shirya wa tsoho. Gaskiya kuwa hotuna nake turawa zauren abokaina na masu irin waɗannan motoci, suna min kirari a waya, ina jin daɗi kamar ni na ƙera ta.

Akwai kuma abu ɗaya da aka cire.

Ga Yaya can tana ɗaga min hannu.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

An gama lafiya, alhamdu lillahi. Abin da ya fara tambaya da ya farfaɗo: wa ya ba shuka ruwa?

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Yaya ta karɓi makulli.

Shekara ashirin tana aikin jinya, kuma ko a gida haka take magana, kamar mai karanta kati. Ta tsaya a gefen gado ta ce, "Baba, mai jiri ba ya tuƙi. Wannan karon a ƙasa ya same ka. Da a kan titi ne fa? Kuma zaman kai kaɗai ya ƙare. Na sa a gyara maka ɗaki a gidana."

Tun rasuwar Inna Baba yake zaune shi kaɗai, ya ƙi kowa. Kullum da safe zai ta da Gwaggo, ya bar ta ta yi tarinta, ya tafi lambu, sai la'asar. Wannan shi ne rayuwarsa duka.

Ya ce, "To, Likita babba, an ji." Ya zaro makullin daga ƙarƙashin matashi. Tun da aka kwantar da shi can yake ajiye shi. Fatar da ke jikin makullin ta yi baƙi ta yi laushi saboda hannu. Ya miƙa mata bai dube ni ba. Da ma ya dube ni.

Likita ya rubuta hoton kai da gwajin zuciya, a nemo jirin. Yaya ta ce in kai motar gidana da ɗaya makullin, a yi maganarta daga baya. Har ta ƙara da, "Allah ya yi maka albarka, Auta, da ba ka wurin da ban san yadda za a yi ba."

Ban faɗa ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na ja Yaya gefe, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta ko ta ci abinci.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na fito da tef na auna. Daga bakin ƙofar direba zuwa ƙasa inci ashirin da biyar. Da inci ashirin ne, kuma a tsakiya akwai mataki.

To, na rubuta. Mataki.

Baba ne ya yi shi da kansa, da guntun farantin ƙarfe daga injin haƙa, ya ɗaure da noti huɗu. Mummuna ne, ba ƙarya. Ya yi tsatsa ko'ina sai wuri ɗaya da takalminsa ya goge har yana ƙyalli. A hoto yana ɓata motar. Na ce Injiniya, bakaniken da ya yi min aikin, ya kwance shi, mai walda zai yi sabo na bututu. Sabon bai iso ba, ni kuma na ƙagu. Injiniya ya biyo ni har bakin gareji yana goge hannu da tsumma ya ce, "Oga, kar ka ba tsoho motar nan sai mataki ya zo." Na ce to.

Wanda bai san yadda Baba yake sauka daga mota ba, ba zai gane ba. Ba ya dubawa. Yana kashe inji zai buɗe ƙofa, ya juya baya, yana magana da kai yana sako ƙafa. Ƙafar ce ta san hanya, ba shi ba.

Ran da ya faɗi, ni na tuƙo ta zuwa gidansa. Ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya, ya ce, "Gwaggo ta ƙara tsawo da tsufa." Wajen hawa ya lura, ya ce, "Ina abin nan?" Na ce yana hanya. Na tallafe shi ya hau, muna dariya. Ya tuƙa mu har lambu, minti arba'in, yana yaba yadda injin ya daina hayaƙi. Ni ina ta bayanin taya. Muka isa, ya kashe, yana ba ni labarin wata rijiya da suka haƙa a kan dutse, ya buɗe ƙofa, ya juya.

Na ga lokacin da ya juya. Wayata na hannuna, ina neman inda zan tsaya in ɗauke shi hoto.

Matata ta fito ta same ni durƙushe da tef. Ta ce, "Me kake aunawa kuma? Ba ta ishe ka haka ba?" Na ce taya ce nake gani kamar ta sauka.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Hoton kai lafiya. Zuciya lafiya, likita ya ce ta fi tasa. Sai dai hakan bai kwantar wa kowa da hankali ba, wai jirin da ba a san dalilinsa ba ya fi haɗari. An ƙara masa wata ƙaramar ƙwaya. Tana sa shi barci da rana tsaka, baki buɗe. Ban taɓa ganin Baba yana barci da rana ba.

Yaya ta fita amsa waya, na matsa kusa.

"Baba, me ya sa ka ce jiri?"

"Gyara min matashin nan."

Na gyara. Na sake tambaya.

Ya ce, "So kake yayarka ta cinye ka ɗanye? Tun kana ƙarami in ta ɗaga murya kuka kake yi. Bar shi haka. Ni tsoho ne, jiri ya dace da ni."

Shekarata talatin da takwas, da 'ya'ya uku, da furfura a gemu. Mahaifina ya auna ni daga kan gadon asibiti ya ga gara a ɗauke shi a matsayin wanda ya gama yayi da a bar ni in ɗauki laifina. Abin da ya fi ci min rai shi ne sanyin da na ji a ƙirji da ya ce a bar shi. Daɗi na ji. Allah ya gani, daɗi na ji.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Ban faɗa ba.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai Gwaggo garejin Injiniya na ce a mayar da komai. Tsofaffin sifirin, tsofaffin tayoyi, a sauke fitilu, a cire bututu. Labari ya riga ya same shi. Ya ce, "Ya jikin Baba?" Na ce da sauƙi. Na tsaya ina jira ya tuna min maganarsa, bai tuna ba, sai ya shiga neman sufana ta kwance noti. Da ya zage ni da ya fi min.

Sabon matakin ya iso tun ran Litinin ɗin da aka yi tiyata. Yana jingine da bango yana ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Kwana biyu kacal. Na ce ba na so, ina tsohon? Injiniya ya sosa ƙeya. Masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe tarkacen bayan gareji tun makon jiya.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina zuwa filin tsofaffin ƙarfe. Mai wurin wani ƙato ne mai hannu kamar faranti, ya zauna a kan tsohon batir yana kallona da rigar ofis ina tonon tsatsa. Ya ce, "Alhaji, zinare ka ɓatar?" Na ce mataki. Ya ce akwai mataki iri-iri, zaɓi wanda ka ga dama. Na ce ba iri-iri nake nema ba, guda ɗaya ne.

Na yanke a yatsa biyu. Na yaga wando a wurin da ba a faɗa. Wajen ƙarfe uku na ɗaga wata ƙofar firji, sai ga wurin nan mai ƙyalli yana kallona, daidai faɗin takalmin Baba. Na zauna a ƙasa na rungume shi. Mai wurin ya kawar da kai, ya ce in tafi da abina.

Yana cikin buhu a bayan motata. Ban ɗaura ba tukuna, ban san me nake jira ba.

Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na safe

An sallami Baba jiya, zuwa gidan Yaya. Ɗakin tsaf, sabon labule, sabuwar katifa, har da ƙararrawa a gefen gado. Ya gode mata sosai. Baba ba ya godiya haka sai wa baƙo.

Ya sa an juya masa kujera ta fuskanci taga. Titi ba ya ganuwa, katanga ce, amma yana jin motoci. In mai dizal ta wuce sai ya ɗaga yatsa: "Wannan famfonta ya gaji." Ko, "Wannan yaro ne, yana cin kulocinta." Daga nan ƙwayar ta kama shi, kai ya langaɓe.

Jikokinsa sun zo suna tsokanarsa da ƙarfen koyon tafiya, wai Kaka ya sayi sabuwar mai ƙafa huɗu. Da can da ya rama har sai sun gudu. Murmushi kawai ya yi.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Yaya ta kira. Ta samo wanda zai sayi motar, ran Lahadi zai zo gani. Ta kuma yi magana da wani maƙwabcin lambu da zai karɓe shi ya riƙa nomawa. Gidan Baba a sa haya. "Gara a yi komai lokaci ɗaya, Auta, kar ya riƙa sa rai." Na ce haka ne, Yaya.

Haka ne, Yaya. Ko aku ya fi ni yawan kalmomi.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Gwaggo ta dawo daga gareji, ta koma tsawonta na da. Na fito da sassafe ina wanke ta. Matata ta tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi, ba ta miƙo min ba.

Ta ce, "Baban yara, na ga abin da ke cikin buhun nan."

Na ci gaba da wanki.

"Tun ranar da na same ka da tef na sani. Na yi shiru ne in ga iya gudun ruwanka. Ka sauke mota, ka tono ƙarfe, ka yanke yatsu. Kana zaton motar ce za ta je ta yi wa Yaya bayani? Ran Lahadin nan za a sayar wa tsohon nan da rayuwarsa, kai kana nan kana goge gilashi."

Na ce Baba da kansa ya ce a bar maganar.

Ta ce, "Shi uba ne, aikinsa ya yi. Kai fa?"

Ta ajiye shayin a kan bonet ta shiga ciki.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa.

Da buhun na shiga falon Yaya, don na san in na shiga hannu sake zan ɓuge da tambayar ko ta ci abinci. Baba yana kan kujera, ita tana auna masa jini. Na zazzage matakin a kan kafet ɗinta, tsatsa ta watsu.

Na ce, "Yaya, Baba ba shi da jiri. Ni na cire wannan, na ɗaga motar inci biyar. Bakanike ya gargaɗe ni, na ƙi ji. Ya sako ƙafa bai sami komai ba. Ina tsaye ina neman ɗaukar hoto."

Baba ya ce, "Kai, wa ya aike ka?"

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Duk rayuwata ihunta nake tsoro, ashe shirunta ban sani ba. Ta cire abin awon daga hannun Baba a hankali, ta naɗe, ta sa a jaka. Ta ɗauko kwalbar ƙaramar ƙwayar nan daga kan tebur ta riƙe.

"Kwana goma sha biyu ina ba mahaifina wannan da hannuna. Ina kallon yana dusashewa, ina cewa tsufa ne." Sai ta juya wajen Baba, hawaye na zuba. "Kai ma, Baba? Ni ce dodon gidan nan, har gara ka rasa gidanka da in sani?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin haka ba, kuma wannan ma ni na jawo.

Ta ce in kwashe ƙarfena in share mata kafet. Na durƙusa ina tsince tsatsa da yatsu. Ina jin ta a tsakar gida tana gaya wa mai sayen mota kar ya wahalar da kansa gobe.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Mu uku muka je wurin likita, na sake faɗa daga farko. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Baba, ka sa mun yi ta neman abin da babu." Baba ya ce, "Ai kun samu motsa jiki." Wannan ce tsokanarsa ta farko cikin mako uku.

Likita ya ja layi a kan kalmar jiri. An dakatar da ƙwayar. Tuƙi sai ƙafa ta yi ƙarfi, wata uku ko huɗu, kuma ya ce ɗingishin ba lallai ya tafi duka ba. Wannan na ƙarshen a hankali ya faɗa, yana rubutu.

A mota Yaya ta zaro makulli daga jaka ta sa wa Baba a tafin hannu. Ni ba ta yi min magana ba har muka isa.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na ɗaure matakin. Noti huɗu, a ramukansu na da. Na hau na yi tsalle a kai har maƙwabci ya leƙo.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Yaya ta amsa gaisuwata yau. "Lafiya." Kalma ɗaya, amma na karɓa da hannu biyu.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Baba ya ce in kawo masa Gwaggo su gaisa. Ba tuƙi, zama kawai. Yaya ta ce minti goma, ta tsaya a baranda da hannu a ƙugu.

Ya fito da sanda, ya bar ƙarfen koyon tafiya a ɗaki don kar motar ta gan shi da shi, in ji shi. Ya zagaya ta a hankali. Ya shafa inda fitilun suka bar tabo a rufi. Na tallafe shi ya hau. Ya murɗa makulli, ta yi tarinta, ta kama. Ya rufe ido yana saurare, hannu biyu a kan sitiyari, ya ce, "Nozul ɗin dai ka yi aiki." Daga nan ya ɗauko labarin rijiyar kan dutse daga inda ya tsaya, kamar ba mako huɗu ne a tsakani ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina ji, waya tana aljihu.

Yaya ta ce lokaci ya yi. Ya kashe inji, yana cikin magana ya juya baya kamar kullum, ya ɗaga ƙafa.

Sai ya tsaya. Labarin ma ya tsaya. Ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ya leƙo da kai, ya dubi ƙasa. Ya sako sanda ya ƙwanƙwasa matakin sau biyu.

Shekara talatin ban taɓa ganin ya duba ba.

Na ce, "Yana nan, Baba. Ni na ɗaure shi da hannuna."

Ya ce, "Na sani, Auta. Shi ya sa nake dubawa."

Yaya ta fashe da dariya daga baranda, shi ma ya yi, har kafaɗarsa na rawa. Ni ma na yi ƙoƙari. Ya dafa kafaɗata da dukan nauyinsa, ya sauko, idonsa a kan ƙafarsa har ta taɓa ƙasa.